Telan Itatuwa

Tunda an damƙa maka kula da kurmin nan, ajiye gatarin ka saurara, domin ba na maimaita magana.

An yi wasu garuruwa biyu da suka raba kurmi ɗaya, rafi ne iyakarsu. Mutanen duka biyun masassaƙa ne, da turmi da taɓarya suke ci. Garin gabas aka turo musu wani malamin daji. Kowace shekara in an gama girbi, sai ya shiga kurmi da igiyar awo irin ta tela, ya zagaya wa bishiyar kirya ita daidai ƙirjinsa, ya duba, ya shafa jan fenti a wurin don baɗi ya sake aunawa a gurbi ɗaya. Bai tsallake ƙarama ba, bai tsallake wadda ƙaya ta kewaye ba. Yakan duƙa ya murza ƙasar gindinta, ya ɗaga kai ya ga wace ce ta tare mata rana. Mutane suka sa masa suna Telan Itatuwa, suna tambayarsa yaushe za a ɗinka wa kirya wando. Shi dai sai ya ci gaba da awonsa. A kan wannan aiki furfura ta fito masa.

Sai aka yi shekarar fari, hatsi ya ƙi, kowa ya koma ga gatari. Dattawan garuruwan biyu suka yanke shawarar da kowa zai ce ta hankali ce: a sare manya, a bar ƙanana su girma. Malamin dajin ya je gaban dattawan garin gabas, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya yi musu zane. Ya nuna musu yawancin ƙananan nan ba yara ba ne, tsofaffi ne da inuwa ta danne har suka tsumbure. Tun zuwansa ko faɗin farce ba su ƙara ba, kuma ko an buɗe musu rana sun riga sun gama. Masu ci gaba da girma su ne matsakaitan bakin rafi da wasu manya masu lafiya, waɗanda kowace shekara sai sun ƙara cin igiya. Ya zana kaurin da za su kai ranar da jariran da ke goye za su yi aure. Ya ce a sari tsumburarrun a yi ƙota da taɓarya, a tsinci manyan da suka daina ƙaruwa ɗaya-ɗaya a yi turmi, a bar sauran su zubar da iri. Ba ƙaramin abu ba ne mutum da yunwa a cikinsa ya wuce itacen turmi ya sari na ƙota. Sun yi gunaguni, amma sun bi, domin sun ga shekarun da ya yi yana duƙawa a gindin itatuwa. Garin yamma kuwa suka kwashe manyansu a rani ɗaya, suka ci suka ƙoshi.

Malamin bai ga ƙarshen abin ba, ƙasa ta rufe masa ido. Amma da jariran nan suka isa aure, da turmin kurminsu aka kai amarensu ɗaki, kaurinsa kamar yadda aka zana a ƙasa. Mutanen yamma har yau suna jiran ƙananansu su girma, 'ya'yansu na ƙetare rafi suna roƙon itace.

To, kai ma kada ka dubi tsayin itace yau ka yanke masa hukunci. Dubi abin da ya ƙara daga bara zuwa bana, shi zai gaya maka inda ya dosa. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.