Kilo Hamsin da Huɗu

Tun da teku ta iso Lokoja, doka ta hana ɗauko kowa daga garuruwan da ruwa ya ci, shi ya sa a kowace tasha sai an auna nauyin jirgin ruwa da mutanensa. Mu uku muka fita hutu a jirgin Tukur mai tafiya da iska: ni da shi da Barira, abokai tun jami'a.

A kwana na goma sha biyu muka tsaya tashar Dutsen Patti ɗibar ruwan sha. Ma'aikacin tashar ya dubi ma'auni, ya dube mu.

"Kun ƙaru da kilo hamsin da huɗu."

"Kifi muka kama, yallaɓai," in ji Tukur yana dariya.

Ni dai ban ga kifi ba. Abin da na gani, kwana uku ke nan Barira na ƙara shinkafa a tukunya, Tukur kuma ya sa wa ɗakin kaya kwaɗo. Hukuncin kuwa shekara bakwai ne ga duk wanda ke jirgin, ya sani ko bai sani ba.

Ma'aikacin ya miƙo mini takarda. "Malama, ke ba ki ce komai ba. Kifi ne?"

Barira ta sunkuyar da kai. Na sa hannu.

Da muka yi nisa na ce Tukur ya ba ni makulli. Ya hana.

"Gara kada ki gani, Lantana. A tasha ta gaba ba sa hannu ake yi ba, rantsuwa ake yi kan abin da ido ya gani."