Ƙwai Ɗari Uku da Ranar Ƙari

Tunda kana son sanin ko kwanan wata na iya rikita inji, ga abin da ya sami wata mai kiwon kaji a bayan gari. A wata shekara da Fabrairu ya zo da kwana ashirin da tara, jita-jita ta cika unguwa, wai injuna ba su san da ranar ƙarin nan ba, duk wanda aka kunna haukacewa zai yi. Mai niƙa ma ya ce ranar ba zai buɗe shago ba. Ita kuwa tana da ƙwai ɗari uku a injin ƙyanƙyasa, saura kwana uku su fashe, kuma da su take fatan ta da kiwonta bayan annoba ta share mata kaji kakaf. Mace ce mai bin diddigi. Ta tsaya gaban janaretonta da ke ba injin wuta tana mamakin ta ina wannan ƙarfe, da ba ya komai sai shan mai da fitar da hayaƙi, zai bambance Fabrairu da Maris. Ta tambayi makanike, ya tuntsire da dariya ya ce janareto ko ranar Sallah bai sani ba. Duk da haka ta aro wani janareton ta ajiye, ta wuni a kan kujera tana gadin nata, ko abincin kirki ba ta ci ba.

Ranar ta zo ta wuce, janareto bai ko yi tari ba. Unguwa ta yi ta yi wa kanta dariya, har da ita. Amma kwana uku suka cika, na huɗu ya bi, ɗakin ƙyanƙyasa shiru, sai ƴan tsaki ƙalilan. Mai gyaran da ta kira ya nuna mata wata ƴar na'ura a jikin injin ƙyanƙyasar, ba ta fi kwalin ashana ba. Ya ce, "Hajiya, duk gidan nan wannan ce kaɗai ta san kwanan wata." Da na'urar ta ci karo da ranar da ba ta sani ba, sai ta koma ƙirga daga kwana na ɗaya, ta ci gaba da juya ƙwai a lokacin da ya kamata a bar su su huta, ba ta kuma ƙara musu danshi ba, ƴan tsakin suka bushe a cikin ɓawo. Abin da ya fi ƙona wa matar rai, ita da yatsanta ta sa wa na'urar kwanan wata ranar da ta jera ƙwan, amma ko sau ɗaya ba ta faɗo mata a rai ba.

Ka ga gaskiyar masu iya magana ke nan: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.