Robar da Ta Daina Tsagewa

Tsohon ya miƙa hannu a kan tebur, injiniyar ta manna masa wani abu a wuyan hannu, shara-shara kamar ɓawon albasa.

"Lanƙwasa mu gani, Baba."

Ya lanƙwasa. A fuskar kwamfuta wani koren layi ya shiga tsalle daidai da bugun zuciyarsa.

Ta yi masa bayani a hankali. Roba ce, amma lantarki na bi ta cikinta, tana buɗe masa hanya tana rufewa, irin aikin da ƙananan sassan cikin waya ke yi. Sai dai waɗancan tauri gare su, ita kuwa tana miƙewa tare da fata. Saboda jarirai bakwaini ake yin ta, waɗanda wayoyin asibiti ke ɗaye wa fata.

Ɗakin binciken ya kwanta masa a rai. Da aka shigo da shi, maigadi har miƙewa ya yi yana gaisuwa. Ya ce a ransa, ashe da sauran masu ladabi a duniya.

A lanƙwasa ta arba'in koren layin ya yanke.

Injiniyar ta ɓare robar, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta daɗe ba ta ɗago ba. Wata takwas ke nan suna fama da wannan tsagewa. In ƙarshen wata ya zo ba a shawo kanta ba, za a rufe aikin, kowa ya kama gabansa.

"Zan iya leƙawa, 'yar nan?"

Ta matsa masa. Yatsunsa suka murɗa madubin har hoton ya fito tas. Ya ga tsaga birjik, kamar ƙasar da rana ta busar.

"Kun yi mata gaggawa a tanda," in ji shi. "Ku rage wuta. In ta gasu, kada ku fitar, ku bar ta ta huce a cikin tandar."

Ma'aikata suka juyo suna kallonsa. Shi kansa sai da ya yi dariya. "Ji ni da karambani. Ina ruwana da aikinku?"

Ba wanda ya taya shi dariyar. Wani mai farar riga ya zaro biro ya rubuta.

Bayan mako guda aka sake kawo shi. Injiniyar ta manna masa sabuwa, ta sake bayanin tun daga farko, shi kuma ya saurara da mamaki kamar bai taɓa ji ba. Ya lanƙwasa sau ɗari, sau ɗari uku, har hannunsa ya gaji. Layin bai yanke ba.

Ma'aikata suka kaure da tafi. Ita kuwa ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na rawa.

Tausayinta ya kama shi. Ya jira ta share ido, sannan ya ce, "Wa ya fara ƙirƙiro wannan abu? Ina so in gaishe shi. Ke ma mahaifinki ya yi sa'ar 'ya. Yana raye?"

Ta durƙusa a gabansa, ta gyara masa maɓallin riga da ya saka a karkace.

"Yana raye," ta ce. "Shekara ashirin da shida ka yi kana haɗa ta a ɗakin nan, Baba. Tashi mu je gida, Mama na jiran mu."