Sunan Da Kundi Ya Ƙi

Karo na goma sha ɗaya ke nan Injiniya ta rubuta sunanta ta danna, kwamfutar ta sake amsa mata da jan rubutu: ba a san wannan mutum ba. Ta ja dogon tsaki, ta ture kofin shayin da ya huce tun safe.

A baki aikin ba wuya. Kamfani ya sayo sabon kundin shiga, wanda zai riƙa tantance wa zai buɗe kwamfuta, wa zai wuce ƙofa da katinsa. Kundin ba ya ajiye sunan kowa, sai dai ya leƙa rumbun bayanan ma'aikata ya karanto. Nata shi ne ta haɗa su, ta nuna masa jadawalin da zai duba da gurbin kowane abu: nan suna, nan sashe, nan lambar kati, nan kuma alamar ko mutum yana bakin aiki. Abin da ke cikin gurabun ba ta da izinin gani, sirrin ofishin ma'aikata ne. Kamar mai jera kwanuka a rufe take aikin.

Manaja ya ce lallai a gama kafin ƙarfe huɗu, don ranar Litinin tsohon tsarin zai daina aiki, mutum ɗari biyu su yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ya ce ta rubuta duk matakan da ta bi a takarda, har da kalmar sirri, saboda halin rayuwa. Da ta tuna masa ƙarin girman da take jira shekara uku, ya kalli takalminsa ya ce ai yau ɗin nan za a yi maganarta.

Tana da ƙa'ida guda: ba ta gwaji da sunan kowa sai nata. Ta taɓa gwadawa da na wani bawan Allah, ya wuni a waje yana rantsuwa shi ma'aikaci ne, tun ranar ta tuba.

Ta duba adireshin rumbun, daidai. Ta bi gurabun ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan gilashi. Ta rushe haɗin ta sake ginawa, ta kira masu kundin, suka bar ta da kiɗa a kunne har ta kashe. Maigidanta ya bugo yana tambayar wa zai ɗauko 'yarsu daga makaranta, ta sauke masa haushin da ba shi ya jawo ba, ta kuma ji kunya daga baya.

Bayan azahar Anti ta ofishin ma'aikata ta shigo da ruwa mai sanyi. Matar da gaisuwa ma sai ta ga dama, yau har da tambayar lafiyar yara.

"Anti, don Allah buɗe min layin sunana a rumbun in gani. Ina jin an rubuta wani abu ba daidai ba."

Anti ta ce izinin yana wurin Manaja, ta fita da sauri har ta manta wayarta.

Uku da rabi, idanunta sun yi ja, ta karya ƙa'idarta. Ta sa sunan direba, ya wuce. Mai shara, ya wuce. Manaja, ya wuce. Ta sa na tsohon mai sito da ya yi ritaya bara, kundin ya ƙi shi da jan rubutu, yadda ya kamata. Ta sauke ajiyar zuciya. Ashe layinta ne kawai ya lalace, kuma gyaran minti biyu ne. Ta juya ƙofofin kamfanin zuwa sabon tsarin, ta ɗauki takardar matakan da wayar Anti, ta haura sama cike da jin ta fita kunya.

A ƙofar gilashin ofishin Manaja ta kara katinta. Fitila ta yi ja. Ta gilashin ta hango su tsaye a ciki, Anti ta sunkuyar da kai, Manaja riƙe da farin ambulan mai ɗauke da sunanta.

Sai a lokacin ta gane haɗin ya yi tun gwajin farko, kuma wuni guda kundin yana gaya mata abin da su biyun suka kasa faɗa: tun da safe aka sallame ta daga aiki.