Abin da Hula Ta Rufe

Likita ya ce wa wani manomi jijiyar jini ta kumbura a ƙwaƙwalwarsa, sai an buɗe kai kafin ta fashe. Manomin ya dawo Kura, ya zauna jugum a bakin gonarsa.

Sai ga maƙwabcinsa, wanda suka shekara tara suna rigimar ban ruwa, mutumin da ko a taɓo ba ya cire hula. Ya tsuguna, ya cire ta. Tabon ɗinki ne, daga kunne har tsakar ka.

"Taɓa, Malam. Irin aikin aka yi min. Ka ga na fasa masifa?"

Bayan wata biyu da yi masa aikin, manomin ya koma gona yana dogara sanda, ya tarar tumatirinsa ya nuna jawur. Maƙwabcin na ciki, yana ba tumatirin ruwa.

"Warke da wuri," ya ce. "Na rasa abokin faɗa."