Ƙafa Ta Motsa, Mai Ita Bai Sani Ba

Wata huɗu ke nan Abarshi yana kwance, tun ranar da ya faɗo daga kan dabino a wani kwari kusa da Gure. A asibitin Damagaram ba a ɓoye wa matarsa Yakura komai ba: lakar bayansa ta tsinke, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin ko tsinken allura. Aka ce ta riƙa juya shi, ta kula da fatarsa, ta komo da shi bayan wata biyu. Ba ta koma ba. Wa ke son a maimaita masa baƙin labari?

Wata safiya tana goge masa jiki da ruwan ɗumi, sai ƙafar dama ta zabura ta naɗe. Yakura ta yar da tsumman, ta fita ko ɗankwali babu, ta kira Gwaggo Yabawa, ƙanwar mahaifinsa, wadda a wurinta babu ciwon da ya fi ƙarfin gashi da dutse mai zafi.

"Ban gaya miki ba, 'yar nan?" in ji tsohuwar. "Barci jijiyar ta yi. Ɗumi kaɗai ya tashe ta, to ina ga wuta? Sa ɗan dutsen niƙa a murhu."

Dutse ya yi zafi, aka naɗe shi a tsumma, aka danna masa a sha raɓa. Ƙafa ta yi tsalle. Yakura ta rangaɗa guɗa, hawayen murna na zuba.

"Gwaggo, ni fa ban ji komai ba," in ji Abarshi. "Ba ni na motsa ta ba."

"Kai dai yi shiru, ɗan nan. Jin zai biyo baya."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Safe da yamma Yakura tana gashi, in motsi ya ragu ta ƙara wuta. Fata ta yi bororo, Gwaggo ta ce ciwon ne ke fita. Bororo ya fashe ya zama gyambo, aka barbaɗa masa garin magani. A mako na uku wari ya cika ɗakin, zazzaɓi ya rufe Abarshi har yana sambatu, sai aka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita.

Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya buɗe ƙafafun ya yi salati.

"Baiwar Allah, wa ya ƙone shi haka?"

"Gashi ne, likita. Kuma yana yi, wallahi! Da na sa dutsen sai ta motsa."

Majo ya sassauta murya. "Laka ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. In ta tsinke, ɓangaren ƙasa yakan yi laƙwas na ɗan lokaci, daga baya ya soma aiki shi kaɗai, ba mai tsawata masa. Wuta ta taɓa ƙafa, ƙafa ta janye kanta, amma labarin bai isa kansa ba. Ba warkewa take yi ba, gudun wutar take yi."

Yakura ta zuba wa gyambon ido. Ashe duk guɗar da ta yi, a kan ƙunar mijinta ta yi ta.

Ruɓar ta riga ta shiga jini. Kwana huɗu bayan nan Abarshi ya cika, bai taɓa ce mata ta cuce shi ba, wannan kuwa ya fi komai cin ranta. Dutsen yana nan bayan murhu, baƙi ƙirin. Ta kasa niƙa da shi, ta kasa jefar da shi.

Jama'a, jikin da ba ya jin zafi ba zai ce muku ya isa ba. Kada ku kusantar da wuta ga mai ciwon laka, kuma duk sabon motsin da kuka gani, ku tambayi likita kafin ku yi guɗa.