Ɗalibar Murja

Tun da jiha ta kafa dokar lasisi, ba mai ikon rarrashin mai baƙin ciki sai likitan damuwa. Iya Tabawa, wadda ta tsufa tana share hawayen unguwa, ta koma daga "Allah ya ba da haƙuri" sai ta ja bakinta.

Yau jikarta Murja ta karɓo nata lasisin, koren dutse a wuya mai yin ja in an ƙetare iyaka. Suka nufi gidan Asabe, wadda tun rasuwar ɗanta ta ƙi cin komai.

A zaure Murja ta ce, "Iya, doka ta yarje mini ɗaliba ɗaya. Ke na zaɓa."

"Ni da na goyi uwarki?"

"Shiga dai, ina bayanki."

Tabawa ta ɗora kan Asabe bisa cinyarta, ta shiga magana a hankali. Dutsen na ƙiftawa da kowace kalma, yana aika ta inda ba su sani ba. Bai yi ja ba.

Da Asabe ta karɓi kunu, Tabawa ta gyara mayafi, ta dubi masu zaman makoki.

"Ku ba malamata hanya."